ƘWAYAR KASHE CIWO: DAGA INA TA FITO, INA KUMA TAKE KAI MUTUM?

Tun kafin kiran assalatu manyan motoci ke fara shigowa kasuwar Mil 12 da ke Ikko, ɗauke da albasa da tumatir da tattasai daga Arewa. Kafin rana ta take tsaka, ɗan dako guda ya sauke buhu da kwando ba iyaka a kan wuyansa. In la'asar ta yi, baya ya ƙage, kafaɗa ta yi tsami, sai ya nufi kemis ko wurin mai tallan magani a faranti, ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. A zuba masa ƙwaya huɗu ko biyar a tafin hannu, da fara da ja da kafso, ya watsa baki ya kora da shayi. Bai tambayi sunan ko ɗaya ba, shi ma mai sayarwa bai faɗa masa ba.

Haka abin yake a Sabo ta Badun, da kwatar Oko-Oba ta Agege, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal, a tsakanin mahauta, da masu tura baro, da 'yan ga-ruwa, da 'yan acaɓa, da masu gadi. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya baro gida ya zo Kurmi neman abinci, in ya kwanta yini guda ba shi kaɗai zai ji a jika ba, har da iyalin da ke can suna jiran saƙo. Tun da yake wannan ƙwaya ta zama abokiyar sana'ar mutane da yawa, ya kamata a san ko mece ce ita, da inda ta samo asali, da kuma abin da take karɓa a jikin mutum a madadin sauƙin da take ba shi.

Ma'anarsa

Likitoci suna kiran irin wannan magani analjesik, kalmar da aka samo daga Girkanci, ma'anarta kuwa "babu ciwo". Ya sha bamban da wanda ake yi wa mutum kafin a yi masa aiki a asibiti, wanda ke sa barci ko ya kashe wani sashe na jiki ɗungum. Wanda ya sha maganin kashe ciwo idonsa biyu, yana jin taɓi, raɗaɗi ne kawai ya ragu.

Hausawa sun ce jiki magayi, haka kuwa masana suka tarar. Sa'ad da wani wuri a jiki ya yi rauni ko ya kumbura, sai jijiyoyi su ɗauki labari su bi ta lakar gadon baya su kai wa ƙwaƙwalwa. Wannan labari shi ne ciwo. Aikin maganin shi ne ya rage ƙarfin labarin tun daga inda ya taso, ko kuwa ya hana ƙwaƙwalwa ta ji shi sosai. Abin lura a nan shi ne, cutar da ta aiko da labarin tana nan inda take. An dai sallami ɗan aike ne, wanda ya aiko shi bai tafi ba.

Magungunan da aka fi sani sun kasu gida uku. Na farko shi ne farasitamol, wanda aka fi sani da Panadol, mai saukar da zazzaɓi da ciwon kai. Na biyu su ne masu rage kumburi, watau asfirin da ibufurofen da diklofenak da danginsu. Na uku su ne dangin afyun, watau mofin da kodin da taramadol, waɗanda ke aiki a ƙwaƙwalwa kai tsaye, su ne kuma suka fi ƙarfi, suka fi kama mutum.

Kafin zuwan kemis

Neman sauƙin ciwo ba yau aka fara ba. A ƙasar Hausa mai ciwon baya wanzami yake nema ya yi masa ƙaho, wanda ya yi targaɗe ya je wurin maɗori, mai ciwon haƙori kuwa ya danna kanumfari a wurin. Na ƙarshen nan ilmin zamani ya gaskata shi, domin akwai wani mai a cikin kanumfari wanda ke dusashe raɗaɗi, har likitocin haƙori sun daɗe suna aiki da shi.

A wasu ƙasashe kuwa tsirrai biyu ne suka yi fice, kuma daga gare su yawancin tarihin nan ya taso. Na farko wani tsiro ne mai fure da Larabawa ke kira khashkhash. In an tsaga ƙwallonsa tun yana ɗanye sai wani farin ƙaro ya fito, in ya bushe shi ne afyun, wanda Turawa ke kira ofiyom. Mutanen dā na Masar da Girka da Farisa duk sun san shi. Shahararren likitan nan na Musulmi, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bayyana shi a littafinsa Alƙanun a kan cewa yana kashe ciwo ƙwarai, ya kuma yi gargaɗin cewa in ya yi yawa yana halakarwa. Watau kusan shekara 1,000 ke nan da aka rubuta amfaninsa da haɗarinsa a wuri guda.

Wajen 1804 wani saurayi mai koyon haɗa magani a garin Paderborn na Jamus, Friedrich Sertürner, ya tace afyun ya fitar da ainihin sinadarin da ke aiki a cikinsa. Daga baya ya gwada shi a jikinsa tare da wasu samari uku, saura kaɗan su yi barcin da ba tashi. Ya raɗa masa suna daga Morpheus, abin bautar Girkawan dā mai kula da mafarki, shi ne mofin. Kamfanin Merck ya fara yin sa don sayarwa a 1827. A 1832 wani Bafaranshe, Pierre Robiquet, ya fitar da kodin daga afyun ɗin nan dai. Da aka ƙago allurar zamani a 1853, sai aka sami hanyar zuba mofin cikin jiki nan take. An yi amfani da shi ƙwarai a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sojoji da yawa kuma suka koma gida raunukansu sun warke amma ba su iya rabuwa da maganin ba.

Wata guda, magani biyu

Tsiro na biyu wata itaciya ce mai suna wilo, wadda ke fitowa a bakin rafi a ƙasashen sanyi. A 1763 wani limamin Kirista na Ingila, Edward Stone, ya rubuta cewa ya ba mutum wajen 50 masu zazzaɓi garin sassaƙenta sun sami sauƙi. A 1828 aka fitar da sinadarin da ke cikin sassaƙen. Maganin da aka riƙa yi daga irinsa yana aiki, sai dai ga ɗaci, ga ƙona ciki.

Ran 10 ga Agusta 1897 wani ma'aikacin kamfanin Bayer na Jamus, Felix Hoffmann, ya sarrafa shi ta yadda ciki zai fi iya ɗauka. A 1899 aka fito da shi kasuwa da sunan Aspirin. Kwana 11 bayan wancan aiki na farko, shi Hoffmann ɗin ya yi wa mofin irin wannan sarrafawa, ya sami wani sinadari wanda wani Baturen Ingila ya taɓa haɗawa a 1874 ba a kula ba. Kamfanin ya sa masa suna Heroin, ya fara sayar da shi a 1898 a matsayin maganin tari, har ana tsammanin bai kai mofin kama mutum ba. Ashe ya fi shi. Kamfanin ya daina yin sa a 1913, Amurka kuma ta haramta yin sa a 1924. Yanzu sunansa ba ya fitowa sai a labarin waɗanda aka kama a filin jirgin sama ko tashar jirgin ruwa.

Abin mamaki, an shafe shekara 70 da ɗoriya ana shan asfirin ba a san yadda yake aiki ba. Sai a 1971 wani masani a Landan, John Vane, ya gano cewa yana hana jiki yin wani sinadari mai suna firostagilandin, wanda ke haddasa kumburi da raɗaɗi da zazzaɓi. An ba shi kyautar Nobel a 1982. Wannan bincike ya kuma bayyana dalilin illar maganin, domin sinadarin nan da ake hanawa shi ne dai ke kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ne kuma ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Saboda haka duk maganin da ke cikin wannan gida yana iya jawo gyambon ciki, yana kuma iya taɓa ƙoda.

Daga APC zuwa taramadol

Dattawa za su tuna wata farar ƙwaya da ake kira APC, tun kafin a san jam'iyya mai wannan suna. Haɗi ne na asfirin da finasetin da kafeyin, watau sinadarin nan da ke cikin goro. An daɗe ana shan ta ba fargaba, sai daga baya aka gane finasetin yana lalata ƙodar masu yawan shan sa. Ƙasashe suka riƙa janye shi, Amurka ta hana shi a 1983.

Wanda ya gaje shi kuwa ya girme shi. Tun wajen 1878 aka haɗa farasitamol a Amurka, amma aka ajiye shi gefe shekara da shekaru. A ƙarshen shekarun 1940 wasu masana a birnin New York suka sake duba shi suka ga alherinsa. Ya fito kasuwar Amurka da sunan Tylenol a 1955, a Ingila kuma da sunan Panadol a 1956. Ibufurofen ya biyo baya daga kamfanin Boots na Ingila, ta hannun Stewart Adams da abokan aikinsa, aka fara sayar da shi da sunan Brufen a 1969. Diklofenak ya fito daga ƙasar Suwizalan a 1973.

Taramadol kuwa kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fito da shi a 1977 da sunan Tramal, wanda a bakin jama'a ya koma taramol. An ɗauke shi a kan ɗan'uwan mofin mai sauƙin kai, wanda ba ya cika kama mutum, don haka ba a sa shi cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta tsaurara ba. Wanda ya bi labarin nan tun daga Heroin zai ga abu guda yana maimaita kansa: a fito da sabon magani da kirari, sai bayan shekaru a ga abin da ya bari a jikin mutane. Zuma ce dai, ga zaƙi ga harbi.

Abin da ya auku a nan gida

Nijeriya ta ɗanɗana nata. A 1990 yara fiye da 100 suka rasu a Jos da Badun bayan an ba su ruwan farasitamol wanda aka haɗa da wani sinadari mai dafi irin na masana'antu, mai kashe ƙoda. Shekara uku bayan haka, a 1993, aka kafa hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magani. Amma a ƙarshen 2008 abin ya sake aukuwa da wani ruwan maganin fitar haƙorin jarirai mai suna My Pikin, wanda aka yi a Ikko, inda yara 84 suka rasa rayukansu. A duka biyun laifin ba na farasitamol ba ne, na abin da aka gauraya shi da shi ne. Darasin shi ne, inda magani ya fito da hannun wanda ya bi suna da muhimmanci kamar sunan da ke jikin kwalbarsa.

Sa'an nan sai ga annobar kodin da taramadol. A watan Mayu 2018, bayan wani binciken gidan rediyon BBC ya nuna yadda ruwan maganin tari mai kodin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa hannun matasa, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. Binciken da aka gudanar a ƙasa baki ɗaya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairu 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka sha dangin afyun na kemis ba bisa umarnin likita ba a shekarar da ta gabaci binciken, yawancinsu kuwa taramadol.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai aikin ƙarfi ya riƙe. Taramadol da hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne ko 100, likita kuma ba ya wuce 400 a yini guda ga babban mutum. Wanda ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya kuwa akwai mai 200, da mai 225, har da mai 250. Watau wanda ya haɗiyi biyu masu 225 ya riga ya tsallake iyaka. Abin da ke biyo baya shi ne faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya, balle in an haɗa da barasa ko ƙwayar barci. Ko da ba a kai ga haka ba, jiki yakan saba: wanda ya fara da ɗaya don ya ɗauki kaya, sai ya koma biyu, daga nan kuma ranar da bai samu ba ya tashi da zufa da hamma da ciwon gaɓoɓi da ɓacin rai. Kuɗin da ya zo nema ya aika gida sai ya ƙare a hannun mai ƙwaya. Indiya, inda yawancin irin waɗannan ƙwayoyi ke fitowa, ta tsaurara dokar taramadol a 2018, sai masu fataucin suka koma ga wani ɗan'uwansa da ya fi shi ƙarfi, mai suna tafentadol.

Akwai kuma ɗaya gefen lamarin da ba a cika faɗa ba. Yayin da ƙwayar banza ta cika titi, mai ciwon daji da mai amosanin jini da wanda ya yi mummunan hatsari sukan rasa mofin na gaskiya a asibiti. Tun a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na kashe raɗaɗin ciwon daji, a fara da mai sauƙi a hau zuwa mofin in bukata ta kama. Amma wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa. Saboda haka in likita ya rubuta wa maras lafiya mofin a asibiti, kada dangi su hana don tsoron ya zama ɗan ƙwaya. A hannun wanda ya san awonsa, rahama ne.

Abin da ya kamata a kiyaye

Farasitamol shi ne mafi sauƙin illa in an bi ƙa'ida. Babban mutum zai iya shan ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, ya bar aƙalla awa huɗu kafin ya sake, kada kuma ya wuce takwas a yini da dare. Wanda ya zarce haka hantarsa yake ci, mugun abin kuwa shi ne alamar ba ta bayyana sosai sai bayan kwana biyu ko uku, sa'ad da ɓarna ta yi nisa. A lura kuma, yawancin magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, don haka mutum na iya ninka awo bai sani ba. Na yara kuwa da nauyin jikinsu ake auna shi, ba da ido ba.

Ibufurofen da diklofenak da asfirin ba a shan su da wofin ciki, ba a kuma haɗa biyu daga cikinsu. Nan ne haɗarin haɗin da ake ƙullawa a leda yake, domin sau da yawa akwai biyu daga gida ɗaya a ciki. Mai gyambon ciki, da mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu, kada su taɓa su sai da izinin likita. Wanda ya yini cikin rana yana zufa bai sha isasshen ruwa ba, ƙodarsa ta riga ta galabaita, ƙara mata waɗannan ƙwayoyi kullum ɗora wa jaki kaya ne a kan gyambo. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Akwai alamun da in an gan su, asibiti za a nufa ba kemis ba: zazzaɓin da ya wuce kwana biyu ko uku, domin Panadol na saukar da zafin jiki amma ba ya kashe ƙwayar cutar cizon sauro ko taifot, matsanancin ciwon ciki, musamman ga mai ƙaba da ta fito ta ƙi komawa, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, bayan gida baƙi kamar kwalta ko aman jini, kumburin ƙafa da fuska tare da raguwar fitsari.

Duk wanda zai sayi magani ya saya a kwalinsa, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, in bai iya karatu ba ya sa a karanta masa, ya kuma tambayi sunan kowace ƙwaya kafin ta shiga bakinsa. Wanda taramol ya riga ya kama, kada ya yanke shi rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ya je asibiti a rage masa sannu a hankali, ba abin kunya ba ne. Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan dako da na mahauta a garuruwan Kudu suna da rawar takawa a nan, domin su ne yaran da suka zo ci-rani ke jin maganarsu, su ne kuma akan fara kira in wani ya faɗi a kasuwa.

Jarin ɗan dako jikinsa ne, ba shi da wani. In baya ya yi ƙara yau, ya yi gobe, ya yi jibi, to magana yake yi, a saurare shi. Asarar kuɗin yini guda da na katin asibiti ta fi sauƙi a kan a sa mutum a bayan motar da ta kawo albasa a mai da shi gida ba ya iya tsayuwa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma sa kowa ya koma wa iyalinsa da ƙafarsa.